Sunayen Allah Ba Su Tsaya a 99 Ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa sunayen Allah 99 ne cif, tun da haka aka biya mana a Islamiyya. Ba haka lamarin yake ba.

Hadisin Abu Huraira da Buhari da Muslim suka ruwaito cewa ya yi Allah yana da sunaye 99, wanda ya kiyaye su zai shiga Aljanna. Imam Nawawi ya ce malamai sun haɗu a kan cewa wannan ba ƙayyade adadi ba ne. Wanda ya ce yana da buhu goma da ya ware domin sadaka, ai bai ce iyakar hatsinsa ke nan ba. A addu'ar yaye baƙin ciki da Ahmad ya ruwaito daga Ibn Mas'ud, ana roƙon Allah har da sunayen da Ya keɓance saninsu ga kansa.

Shi kuwa jerin da yara ke rerawa, daga ruwayar Tirmizi ya fito, kuma malaman hadisi da dama na ganin masu ruwaya ne suka tattara shi. Duba da kyau, babu Ar-Rabbu a ciki, alhali kullum muna karanta shi a Fatiha.