Kafin ka yi fushi da kamfanin laftof ɗinka ka koma wani

A shagunan sayar da kwamfuta da na gyaranta a Samaru, PZ da Sabon Gari a Zariya, akwai maganar da ta yawaita a bakin masu saye a 'yan shekarun nan: "Ni fa na gama da kamfanin nan." Wani malamin jami'a ne da ya daɗe yana riƙe da HP, wani ma'aikacin asibitin Shika ne da bai taɓa sanin wata kwamfuta ba sai Dell, wani kuma ɗalibin injiniya ne da yayansa ya bar masa ThinkPad. Tsohuwar ta gaji, ya je neman sabuwa, sai ya tarar da abin da bai kwanta masa ba. An matse ta ta yi siriri, kafofin USB sun ragu, babu inda za a soka wayar intanet, batir ba ya ciruwa sai an kwance bayanta, kuɗin kuma ya yi tashin gwauron zabi. Nan take sai ya ce zai koma wani kamfanin.

Fushin yana da dalili, kuma ina tare da masu yin sa. Inda na saɓa da su shi ne maganin da suke nema masa. Sunan da ke manne a bayan murfi bai kai a ɗora shawara a kansa ba, ko zama mutum zai yi ko tafiya.

Da yawa daga cikinmu muna ɗauka kowane kamfani yana da masana'antarsa da yake ƙera komai tun daga tushe. Ba haka abin yake ba. Akasarin laftof ɗin duniya wasu 'yan kamfanonin Taiwan ne ke harhaɗa su bisa kwangila, irin su Quanta, Compal, Wistron da Inventec, kuma kamfani ɗaya kan yi wa abokan hamayya biyu ko uku aiki a lokaci guda. Ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin yawanci ta Intel ce ko AMD. RAM kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, yawanci daga Samsung, SK Hynix ko Micron yake fitowa. Abin da mai sunan ke yi shi ne zana fasalin, da zaɓar ingancin kayan da za a zuba, da yanke farashi. Saboda haka idan yayin sirantar da kwamfuta ya shigo, kowa yakan bi, domin kasuwa ɗaya suke ci kuma daga rumbu ɗaya suke ɗiba. Wanda ya bar wannan kamfani saboda an liƙe RAM a jikin bod, wato babban allon cikin kwamfutar, yana iya zuwa wancan ya tarar da shi a liƙe. Gudun gara ke nan a faɗa gidan zago.

Babu kamfanin da bai taɓa ɓata wa masoyansa rai ba. ThinkPad, wadda IBM ta fara fitarwa a 1992 kafin Lenovo ta saye sashen a 2005, ta yi suna wajen juriya da sauƙin gyara. Samfurin T480 na 2018 yana da gurbin RAM biyu da batir biyu, ɗaya a ciki, ɗaya a waje da za ka zare ka sa wani ba tare da kwamfutar ta mutu ba. Ga mutumin da ke zaune a garin da wuta ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce. Shekara guda bayan haka T490 ta fito, an cire batirin waje, an liƙe rabin RAM ɗin. Dell kuma a 2022 ta fitar da XPS 13 Plus babu kafar soka abin sauraro na kunne, ta maye layin madannan sama da wasu alamomin taɓawa da ba a jin su a yatsa. Apple ta fi kowa yin nisa. Madannan da ta shigo da su a 2015 'yar ƙura kaɗan ke sa su maƙale, har ta buɗe shirin gyara kyauta a 2018, ta yi watsi da su gaba ɗaya a 2020, sannan a 2022 ta amince ta biya dala miliyan 50 don sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a Amurka. A MacBook Pro ta 2016 ta share kafar HDMI ta haɗawa da talabijin, da ta katin kyamara da cajar maganaɗisu.

Amma labarin bai tsaya nan ba, kuma sauran shi ne ya fi shafar mai shirin yin hijira. Apple ta dawo da waɗannan kafofin uku a 2021. Lenovo ta dawo da gurbin RAM biyu a T14 zubi na biyar da ta fitar a 2024, ta kuma sauƙaƙa canja batir. Wanda ya yi rantsuwa a 2019 cewa ya bar ThinkPad har abada, ya hana kansa kwamfutar da ta gyara ainihin abin da ya kore shi. Kamfani kan yi shekarar kuskure, kuma ƙorafin jama'a kan dawo da shi hanya. Shekara ɗaya ko biyu marasa kyau ba su isa a yanke wa suna hukunci ba, kamar yadda shekaru goma masu kyau ba su isa ka sayi sabuwar fitarsa ido rufe ba.

Akwai kuma abin da 'yan kasuwa suka sani amma ba kasafai suke faɗa wa mai saye ba. A cikin kamfani ɗaya akwai aji-aji. HP EliteBook da HP Pavilion ba abu ɗaya ba ne, haka Dell Latitude da Inspiron, haka ThinkPad da IdeaPad. Na farkon an ƙera su ne don manyan ofisoshi da ke sayen ɗaruruwa a lokaci guda, masu son abin da zai jure ɗauka da ajiyewa kuma ma'aikacinsu zai iya kwancewa ya gyara. Na biyun na kanti ne, an fi kula da kyan gani da araha. Tazarar da ke tsakanin EliteBook da Pavilion ta fi wadda ke tsakanin EliteBook da Latitude. Sau da yawa mai cewa kamfanin ya lalace, abin da ya faru shi ne ya sauko daga tsohuwar ta ofis zuwa sabuwar ta kanti, domin ita kuɗinsa suka kai, sai ya ɗora laifin a kan suna. Kamfanonin ma sun ƙara rikita lissafin. A 2024 HP ta fara tattara na kantinta ƙarƙashin sunan OmniBook, a Janairun 2025 kuma Dell ta sanar da ajiye sunayen Latitude da Inspiron ta koma Dell, Dell Pro da Dell Pro Max. Sunan da ka haddace yana iya ɓacewa daga kasuwa alhali injin yana nan.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke karɓar hukunci daga mutanen da ba irin rayuwarmu suke yi ba. Mai sharhin kwamfuta a YouTube yana zaune a ɗaki mai sanyi, wutarsa ba ta ɗaukewa, idan abu ya lalace kamfani ya aiko masa da wani. Shi abin da ke gabansa kyan sikirin ne da rashin nauyi. Laftof a Zariya kuwa jarrabawarta daban ce. Ƙurar hunturu za ta cika fankarta daga Disamba zuwa Fabrairu. Zafin Maris da Afrilu zai gasa ta a ɗakin kwanan ɗalibai da babu ko fanka. Za a yi cajinta da janareta mai hawa da sauka, a rataye ta a jaka a bayan ɗan acaɓa daga Kwangila zuwa Kongo. Siririyar kwamfuta mai matsattsiyar hanyar iska ita ke fara jin jiki a wannan yanayi, ko sunan wa ta ɗauka.

Kuma ranar da ta lalace, ba kamfani za ka kira ba. Wurin wani matashi za ka kai ta a Samaru, mai akwatin sukurdireba da fitilar tebur. Idan sikirin ne ko madannai ko batir, zai buga waya Titin Beirut a Kano, in bai samu ba ya aika Kasuwar Kwamfuta ta Ikeja a Legas. Samfurin da ya cika gari, kayansa suna zuwa da wuri kuma da sauƙin kuɗi, har a cire daga matacciyar irinta a sa maka. Samfurin da kai kaɗai ke da shi a unguwa, sai ka yi zaman jira alhali ranar miƙa aikin digiri na matsowa. Wannan ne sirrin da ya sa HP da Dell na ofis suka mamaye hannun mutane a nan. Ba don babu wadda ta kai su ba ne, don dai cajarsu tana ko'ina ne, kuma kowane mai gyara ya san hanyar cikinsu. Mai shirin canja kamfani ya fara zuwa wurin mai gyaransa ya ce, "Malam, wannan idan ta samu matsala za ka iya da ita?" Amsar da zai ba shi ta fi bidiyo goma amfani.

Batun kuɗi ma ya shigo. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma kowace kwamfuta da dala ake shigo da ita. Kuskuren saye yanzu ba abin da ake gyarawa da albashin wata ɗaya ba ne. Sannan laftof a wurin da yawa daga cikinmu kadara ce. Ranar da kuɗin makaranta ko na asibiti ya taso, ita ake ɗagawa, kuma sanannen samfuri ya fi saurin samun mai saye.

Ga wani abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci a yanzu, wanda masu fushi da suna ke mantawa da shi. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai ƙarin wa'adin tsaro na shekara guda ga wanda ya yi rajista. Windows 11 kuma a hukumance tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da kuma, in ƙwaƙwalwar Intel ce, zubi na 8 zuwa sama. EliteBook 840 G3 da ta yi farin jini a hannun ɗalibai zubi na 6 ce, ba ta cikin jerin. Ofisoshin Turai da Amurka sun sauke irin waɗannan da yawa, kuma kasuwanninmu ne masaukinsu. Mutum yana iya barin HP cikin fushi ya rungumi Dell zubi na 7 yana murna, alhali ya sayi matsalar da ta fi wadda ya baro. Wanda tsohuwarsa ba ta cancanci Windows 11 ba amma tana da lafiya, ƙarin RAM da sa mata SSD, wato ma'ajiya mai sauri, da ɗora Ubuntu ko Linux Mint a madadin Windows na iya ba shi wasu shekaru, matuƙar aikinsa bai dogara da wata manhaja ta Windows ba.

Komawa MacBook ne kaɗai canjin da ya cancanci a kira shi canji, kuma ba na raina masu yin sa. Tun da Apple ta fito da ƙwaƙwalwarta ta M1 a Nuwamban 2020, batirinta kan kai mutum wuni yana aiki, MacBook Air ma ba ta da fankar da za ta zuƙi ƙura. Lauya ko malamin jami'a a harabar Kongo da aikinsa rubutu ne da karatu, in yana da hali, yana da hujja mai ƙarfi. Amma ɗalibin zanen gine-gine da ke aiki da Revit, ko mai nazarin taswira da ke buƙatar ArcGIS Pro, ya sani cewa don Windows aka yi su. RAM da ma'ajiyar MacBook a liƙe suke, abin da ka saya da shi za ka zauna. Ta hannu kuma tana iya zuwa a kulle da asusun tsohon mai ita ko na kamfanin da ya sallame ta, sai ka tabbatar kafin ka biya.

Za a ce da ni, idan kowa ya yi haƙuri ya zauna, yaushe kamfanoni za su ji a jikinsu? Maganar gaskiya ce, matsin lambar masu saye ne ya tilasta wa Apple ja da baya. Sai dai mu duba inda kuɗinmu ke zuwa. Mai sayen ta hannu a Sabon Gari, sisinsa ba ya isa ga HP ko Lenovo, a aljihun dillali yake tsayawa. Ƙarfinmu a kan dillalin yake, kuma ba ma amfani da shi. Kana da ikon cewa a buɗe bayanta ka ga gurbin RAM da idonka, a buga umarnin powercfg /batteryreport a Windows ka ga abin da ya rage na ƙarfin batir, a bar ta a kunne tana aiki ka ji zafinta da ƙarar fankarta, a kuma rubuta maka garanti a rasit ko da na wata guda ne. Dillalin da ya ƙi ɗaya daga cikin waɗannan, shi ya kamata ka canja.

Masu iya sa kamfani ya saurara su ne masu sayen sababbi da yawa, kuma Zariya tana da su: Jami'ar Ahmadu Bello, asibitin koyarwarta, Kwalejin Nuhu Bamalli, makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Palladan. Ina so in ga ranar da takardar kwangilar sayen kwamfuta a irin waɗannan wurare za ta daina tsayawa kan suna da girman sikirin, ta rubuta ƙarara cewa dole RAM da SSD su zama masu ciruwa, dole a iya canja batir da sukurdireba, dole mai kawo kayan ya tanadi kayan gyara na shekaru biyar. Waɗannan kwamfutocin ne bayan 'yan shekaru za su sauko hannun ƙananan ma'aikata da ɗalibai, kuma masu gyaran Samaru ne za su ci gaba da rayar da su.