Bayan Marsandina ya zauna, Bajamushe ya gaya mini magana

Makon jiya na kai motata gareji a nan Essen. Tsohuwar Marsandi ce, 230E ƙirar 1983, samfurin W123. Bayanta ya zauna, in na ɗauki iyali na jefa buhun shinkafa a but, taya har neman gogar bodi take. Sai na sayo shokazoba biyu masu iska, irin waɗanda ake bugawa iska su ɗaga mota, na ce a ɗaura mini.

Sati biyu na jira kafin ranar da aka ba ni ta zo. Garejin tas, ko ɗigon baƙin mai babu a ƙasa, kowace sifana a rataye a mazauninta. Bakaniken dattijo ne mai tabarau. Bai taɓa kwalin da na kawo ba sai da ya ɗauko tef ya auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, hagu da dama, ya rubuta a takarda.

Sannan ya ce ba zai ɗaura ba. Wai sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, shokazoba aikinta kawai ta kashe tsalle. Inda kan shokazobar ke ɗaure, can bayan kujerar baya, ba a ƙera shi don ɗaukar kaya ba, ga shekara arba'in na tsatsa. Ka ɗora masa nauyi, wata rana ya yage. Ga kuma masu duba lafiyar mota na TÜV duk shekara biyu, ga lambar H ta motocin da suka kai shekara 30, wadda harajinta kusan Yuro 192 ne a shekara, da sharaɗin motar ta zauna yadda aka ƙera ta. Duk na yarda, gaskiyarsa ce.

Abin da ya sosa mini rai shi ne da ya tambayi ƙasarmu, na faɗa, ya gyaɗa kai ya ce to, can ne ake irin wannan aikin.

Wallahi har na iso gida maganar na ci na. Yana zaton bakaniken Panteka ko na Kofar Ruwa bai san sifirin ne ya gaji ba? Ya sani sarai, da ido ma, ba da tef ba. Amma mai motar na tsaye a kansa, gobe da asuba zai yi lodin Kano zuwa Maraɗi, kuɗin sabon sifirin babu. Sai ya yanko robar tsohuwar taya ya cusa tsakanin zoben sifirin, ko ya ƙara wa akori-kura ganye ɗaya, mota ta miƙe, gida ya ci tuwo. Na san akwai ganganci a ciki, mun ga motocin da suka kife saboda lodi. To amma dattijon nan wa ya taɓa kawo masa mota ɗauke da mutum tara da buhunan gero? Motocin da yake gyarawa sai ranar Lahadi ake fito da su, in rana ta haska. Kuma ita Marsandi da kanta ta sa wa doguwar W123 na'urar da ke ɗaga baya in an yi lodi, ashe dabarar ba jahilci ba ce.

Na biya, ya sa sababbin sifirin da robobinsu, motar ta tsaya daidai. Ina tuƙa ta ina tuna Fijo 504 ta Baba, haɗin Kaduna, da malamin da ya riƙe ta shekara da shekaru a ƙarƙashin dalbejiya. Ni nake kai masa abinci in aiki ya kai azahar. Da tafin hannu yake danna but sau biyu, ya saurara, ya ce, “Alhaji, ta ƙara shekara.” Daren jiya na buga wa Yaya waya na tambaye shi ko malamin na nan. Ya ce ido ya yi rauni, yaransa ne a wurin yanzu.