Malami ɗaya ba zai ɗauki kiɗan duniya a kansa ba

A Amurka akwai wasu ƙananan kwalejoji masu ɗalibai dubu biyu ko uku, inda yaro ke shekara huɗu yana ɗanɗanar kowane fanni, daga lissafi zuwa falsafa. Kusan kowace tana da sashen kiɗa, kuma a cikinsa akan ware kujera guda ga wanda zai koyar da abin da suke kira kiɗan duniya. Mai sha'awar wannan kujera sai ya yi digirin digirgir a nazarin kiɗa da al'adun al'umma, fannin da ƙungiyar masanansa ta kafu a 1955, sannan ya shafe shekara ɗaya ko biyu a wani gari yana koyo a hannun makaɗa.

Matsalar tana nan. Mutumin da ya san kiɗan gari ɗaya ciki da waje, shi ake miƙa wa zangon karatu na mako goma sha huɗu a ce ya bi da ɗalibai ta Indiya, Indonesiya, Afirka da Kudancin Amurka. Abokan aikinsa kuwa kowa da ɗan yankinsa cikin kiɗan Turai: wannan na fiyano, wancan na tarihin ƙarni guda. A ganina wannan rabon bai yi adalci ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaɗin kalangu ya san cewa yaro kan yi shekaru yana ɗaukar kaya da amshi kafin a bar shi ya saƙala ganga a hammata. Mako uku ko huɗu ga kowane yanki me zai isar?

Ba na cewa a soke darasin. Ɗalibin da bai taɓa jin wani kiɗa ba sai na gidansu, ko taga ce aka buɗe masa ya amfana. Abin da nake cewa shi ne an riga an gwada hanya mafi kyau, ta kuma yi aiki. A 1960 Mantle Hood na jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya kawo hujjar cewa mai nazarin kiɗan wasu dole ya koyi kaɗa shi da hannunsa, kamar yadda mai nazarin harshe ke koyon magana da shi. Jami'ar Wesleyan da ke jihar Connecticut, wadda asalinta irin waɗannan ƙananan kwalejoji ce, ta ɗauki maganar da gaske. A can wani malamin kiɗa mai suna Robert Brown ya yaɗa sunan kiɗan duniya a farkon shekarun 1960, kuma maimakon jami'ar ta jibga wa mutum ɗaya komai, sai ta kira masu abin. Abraham Adzenyah, gwanin ganga daga Gana, ya fara koyarwa a 1969, bai ajiye aiki ba sai 2016. Sumarsam ya zo daga tsibirin Java na Indonesiya a 1972 da gamelan, kiɗan gargajiyarsu na kayan tagulla, daga baya ya yi digirin digirgir a jami'ar Cornell, ya zama farfesa. Fiye da shekara arba'in mutum yana wuri ɗaya, ai ba baƙo ba ne, ya yaye ɗalibai, ɗalibansa ma sun yaye nasu.

Yawancin kwalejoji ba haka suke yi ba. Sukan gayyato makaɗi ya yi wasa na yini guda, a tafa masa, a ba shi kuɗin mota, ya tafi. Shi kansa malamin da ya gayyato shi ba lallai ƙafarsa na ƙasa ba. Fiye da rabin malaman manyan makarantun Amurka a yau ba sa kan layin kujerar dindindin, wadda akan samu bayan gwajin kimanin shekara shida. Kwantiragin shekara ɗaya ne ko biyu, sai a naɗe tabarma a nemi wata jiha. Wanda bai san inda zai kwana baɗi ba, ta yaya zai kafa ƙungiyar kiɗa, ya nemo kuɗin ganguna, ya ƙulla amana da makaɗan da ke nesa? Gangunan da ya sha wahalar sayowa sai su ƙare a ɗakin ajiya, fata na bushewa.

Za a ce kuɗi ne babu, kwaleji ƙarama ce. Na yarda ba kowa ke da aljihun Wesleyan ba. To sai a rage buri: a zaɓi al'ada ɗaya ko biyu a tsaya a kansu, a ɗauki makaɗi aiki da albashi da inshorar lafiya, a sa sunansa a jerin malamai. Ɗalibin da ya yi shekara biyu yana koyon kiɗa ɗaya har tafinsa ya yi kanta, zai fi girmama sauran kiɗe-kiɗen da bai sani ba fiye da wanda aka zagaya da shi yankuna huɗu ta lasifika.

Mu ma abin ya shafe mu. Tun 1971 David Ames da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a Amurka, ya shiga ɗakunan karatu. A takarda dai an san kotso da kukuma da algaita. Ina so in ga ranar da mai goge zai sami ofis a irin waɗannan kwalejoji, da sunansa a jikin ƙofa, ɗalibai na sallama kafin su shiga.