Shirun nan ne ke tsorata mutum

Malam marubuci, ka ce finafinan ban tsoro na farkon zuwan sauti ba sa razana kowa yanzu. Gaskiya ban yarda ba. Na kalli fim ɗin Dracula na 1931 cikin dare ni kaɗai, wallahi sai da na tashi na duba sakatar ƙofa. Kusan babu kiɗa a cikinsa, sai shiru, da saƙar gizo-gizo, da Bela Lugosi, ɗan wasan da ya fito a matsayin Dracula, yana jan magana a hankali da lafazinsa na mutumin Hangari. Kuma ka manta ba ka faɗa ba, kamfanin Universal da ya yi fim ɗin ya ɗauki wani Dracula ɗin da Sifaniyanci a wuri guda: masu Turanci da rana, su kuma da dare. Ni kam ɗaukar kyamarar na Sifaniyancin ta fi burge ni.