Gwangwanin Bakano a Dajin Abu Hamad

A dajin Abu Hamad abin ya faru, can arewacin Sudan, inda in ka bar bakin Nilu ka nausa ciki ba abin da za ka gani sai duwatsu da rairayi da mutanen da suka ce wa iyalinsu wata shida za su yi su dawo. Su huɗu ne masu neman zinare a rumfar buhu ɗaya: Bakano, Bazazzagi, Ɗan Fulani, sai Baba Takari haifaffen Maiurno, garin da mutanen ƙasar Hausa suka kafa a Sudan, shi ne mai jihaz, wato injin nan da ke kuka in ya ji ƙarfe a ƙasa.

Bazazzagi: Kai bawana tashi, shayi ya yi, waken ful ma ya nuna.

Bakano: Ful kuma? Jiya ful, shekaranjiya ful, ranar Juma'a da aka ce yau za a canza abinci sai ga adas, ƙanin ful uwa ɗaya uba ɗaya. Baba in na mutu a dajin nan kar ku sha wahalar haƙa rami, ku shuka ni kawai ku ba ni ruwa, wallahi wake zan tsiro.

Baba Takari: Ruwa? Ya zol, moyar da tanka ke ɗaukowa tun daga kogi ana sayar mana durom-durom ita za mu zuba maka? Taimama za mu yi maka, kalas.

Ɗan Fulani: Aradu ni ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba, ko ciyawar sakace babu. Shanu biyu na sai da na zo, yanzu ko kashin saniya na gani sai na gaishe shi.

Bakano: Kai shanu ka bari, ni shago na bari a Kantin Kwari. Na je Jado a 2014 lokacin da zinare ya fashe a Nijar, na dawo da tari da bashin mai mota, aka ce min ai Jado wasan yara ne, ainihin dahab ɗin yana Sudan, tun da Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da yawancin man fetur zinare ne ke riƙe da ƙasar. To ƙasar yake riƙewa, ni dai har yau bai riƙe ni ba.

Bazazzagi: Ai kai tun asali zinare ba ya son mai rowa. Ni ka ga matana ya ce...

Bakano: Matarka TA ce! Shekara uku a ƙasar Larabawa, su da ke bambanta inta da inti ko a bakin jariri, amma Bazazzagi har yanzu matarsa namiji ce.

Bazazzagi: Ya ce ko ta ce, ni dai ba na mishi ƙarya a waya. Baba ka ji abin da mutumin nan ya yi jiya a wajen mai intanet ɗin Starlink? Mun biya kuɗin awa guda ta Bankak, manhajar banki ta waya, ya koma gefe ya gyara hula ya jingina da boksin wani, ya ce wa uwargida ga motar da nake shirin saya.

Bakano: Cewa na yi IRIN motar.

Bazazzagi: Sannan ya ce nama har ya gundure mu. Nama! Rabonmu da nama tun Babbar Sallah, shi ma Baba ne ya samo mana ƙashi.

Bakano: Yo me kake so in ce mata? In ce zafi ya wuce digiri 45, kunama na kwana a takalmina, guguwar habub in ta taso sai mun tone juna daga cikin rairayi? Tun da yaƙin nan ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 matar nan ba ta barci, kullum tana manne da rediyo, da ta ji an ce Khartoum sai ta kira, in ce mata baiwar Allah tsakaninmu da Khartoum tafiyar yini ce, ta ce ai duk Sudan ce. In na ce nama ya gundure ni ko ba komai ta runtsa.

Nan dai kowa ya yi shiru, don maganar gaskiya duk cikinsu babu wanda bai taɓa jingina da motar mutane ba.

Ɗan Fulani: To yaron naka da aka haifa bayan ka taho, ya gane ka?

Bakano: Ka bar maganar nan Jauro. Uwarsa ta miƙa masa waya ta ce Abba ga babanka, yaro ya ƙura min ido ya ƙura, can sai ya ce "Kawu ina kwana." Ni ne kawu. Ni da na aika kuɗin ragon sunansa.

Bazazzagi: Yaro ya yi hankali, ya ga fuskar ba ta masu gida ba ce.

Baba Takari: Ku tashi ya jama'a rana na yi. Wancan makon buhu nawa muka kai tawahin, injinan niƙa na kasuwa, aka niƙa dutsen aka wanke da zaiba aka ƙona, mai niƙa ya cire nasa, mai mota ya cire nasa, mai moya ya cire nasa, abin da ya rage a tafin hannuna in na yi atishawa shi kenan mun yi asara.

Bakano: Ni ba wannan ke ci min rai ba, kartan nan ne. Dusar da muka bari bayan wanki kamfani ya zo ya kwashe ya sa mata magani ya fitar da zinaren da ya fi namu. A ce ni Bakano guda in sai da tsaba in bar riba a cikin dusa! In labarin nan ya je Kwari ba ni da bakin magana.

Suka fita. Baba ya rataya jihaz ya sa abin kunne, ko taku ashirin bai yi daga bayan rumfa ba injin ya tsandara ihu irin wanda ba su taɓa ji ba.

Ɗan Fulani: Allahu akbar! Aradu kukan maraƙi ne wannan, shanuna sun dawo!

Baba Takari: Ya salam. Wannan babba ne kuma ba nisa. Ku kawo diga.

Bakano: A'a Baba, nan wajen? Nan ba komai wallahi, na san wajen nan, dutsen banza ne. Mu ƙara gaba.

Bazazzagi: Ikon Allah. Yau Bakano ne ke cewa a bar kuɗi a ƙasa? Jauro riƙe min shi.

Bakano: Ku ji tsoron Allah, ƙila ma kabarin mutanen da ne!

Bazazzagi: To mu gaisa da su.

Sara uku aka yi diga ta ce ƙwal. Bazazzagi ya sa hannu ya zaro wani gwangwanin madara an naɗe shi da tsumma an ɗaure da roba kamar laya, yana buɗe murfin wani ƙamshi ya bugi kowa, Ɗan Fulani har da ja da baya.

Bazazzagi: Daddawa! Ga kuka, ga yaji, har da kilishi rabin tafi. La'ilaha illallahu. Wata nawa muna cin ful ba gishirin kirki ashe mutumin nan ya binne Kano guda a bayan ɗaki. Shi ya sa kullum da tsakar dare sai ka ce za ka zaga!

Bakano: Ba ci nake ba wallahi tallahi, shinshinawa kawai nake in mayar. Uwargida ce ta ba wani direba ya kawo min, da hannunta ta daka yajin nan.

Baba Takari: Mafi mushkila. Amma ka san ƙa'idar daji, duk abin da jihaz ya yi wa kuka kashi uku ne: ɗaya na mai inji, ɗaya na mai mota, ɗaya na masu haƙa.

Bakano: Baba zinare ake rabawa haka!

Baba Takari: Inji bai ce zinare ba, kuka kawai ya yi. Kuma ga kuka mun samu.

Da la'asar Baba ya tuƙa asida ta yi tauri ta zama tuwo, Bazazzagi ya kaɗa miya, Bakano na tsaye a kansa yana ƙirga ƙwayar daddawa. Baba ya kai loma ɗaya sai ya tsaya, ya daɗe bai kai ta biyu ba.

Baba Takari: Kuka muna da ita a nan, tabaldi ce, ta cika Kurdufan. Amma wannan ɗanɗanon tun rasuwar kakata ban ƙara jin sa ba. Ita kullum labarinta Sakkwato, Sakkwato, har na san unguwanni a garin da ban taɓa takawa ba.

Bakano: Ka kwantar da hankalinka Baba, ni zan kai ka. Wata shida kawai, in samu ko giram 50 ne mu tafi.

Baba Takari: Kakana ma da suka taso bayan yaƙin Burmi da Turawa a 1903 cewa ya yi Makka za shi ya dawo. Ga ni nan.

Bakano ya ajiye lomar da ya ɗauka. Shi kuwa Bazazzagi ya suɗe hannu tas, ya miƙe ya saɓi jihaz ya nufi shimfiɗar Bakano.

Bakano: Ina za ka da injin mutane da magariba? Batir zai ƙare!

Bazazzagi: Bakanon da na sani ba ya ajiya waje ɗaya. Ɗaga tabarman nan.

Bakano: Tabarmar! Mace ce! Kuma ba inda za ta, ni yau a nan zan yi sallah, a nan zan kwana.

Ɗan Fulani: Baba, aradu maraƙin ya sake kuka.