Minti ashirin na Roanoke a taron mako

Duk wanda ya taɓa zama a taron mako na ƙungiyoyin hidima irin su Rotary ko Lions ya san tsarin. Shugaba ya buga ƙararrawa, a gabatar da baƙi, ma'aji ya faɗi abin da ke asusu, a tattauna aikin da ake ciki, sannan a ba baƙo mai jawabi kamar minti ashirin. Wasu mambobi na ganin ɓarnar lokaci ce a miƙa wannan dama ga masanin tarihi ya zo da labarin da har yau ba a san ƙarshensa ba, tunda don marasa lafiya da ɗalibai mabuƙata aka taru. Ni kam ban yarda da su ba.

Ɗauki labarin Roanoke. A 1587 Turawan Ingila kusan 115, maza da mata da yara, suka sauka a tsibirin Roanoke da ke gaɓar jihar Karolina ta Arewa ta yanzu a Amurka. Gwamnansu, John White, ya koma Ingila neman kayan masarufi, ya bar 'yarsa da jikarsa jaririya. Yaƙi da Sifaniya ya riƙe shi, bai samu dawowa ba sai a watan Agusta na 1590. Ya tarar babu kowa, an kwance gidaje, sai kalmar CROATOAN a sassaƙe jikin wani ginshiƙi. Sun yi alkawari da shi cewa in wuya ce ta kore su za su zana alamar gicciye. Babu ita. Croatoan sunan wani tsibiri ne a kudu, amma guguwa ta hana jirginsa zuwa. Haka ya juya, bai ƙara ganin jikar nan ba.

Abin da ya biyo baya shi ya fi damuna. A 1937 aka fito da wani dutse mai rubutu, aka ce 'yar White ce ta rubuta. Daga nan duwatsu fiye da arba'in suka ɓullo, har malamai suka gaskata, kafin wani ɗan jarida ya tona asirin na baya-bayan a 1941, ashe jabu ne. A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu haƙuri. A 1998 masu nazarin zoben jikin tsofaffin itatuwa suka nuna an yi mummunan fari a yankin daga 1587 zuwa 1589. A 2012 aka haska taswirar White a gidan tarihi na Birtaniya, aka ga alamar ganuwa a ƙarƙashin wani faci. Babu ɗayansu da ya ce ya gama magana.

To ina ruwan ƙungiyar hidima? Ruwanta ne sosai. Rotary ta shiga yaƙi da shan-inna a faɗin duniya tun 1985, kuma duk wanda ya yi aikin rigakafi ya san jita-jita na cikin manyan abokan gabarsa. Mamban da ya zauna ya ga yadda dutsen jabu ya ruɗi masu ilimi saboda suna son labarin ya kasance gaskiya, gobe zai fi iya tambayar “wa ya gani?” in aka kawo masa rahoton rijiyar da aka ce an haƙa.

Sharaɗina ɗaya ne, kuma kan shugaban taro yake. Kada ya gayyato mai cewa ya warware abin da ya gagari mutane shekara fiye da 400, yana sayar da littafinsa a bakin ƙofa. Ya nemo wanda zai shimfiɗa abin da White ya gani da idonsa daban, abin da aka haƙo daban, hasashe daban. Ya kuma rage sanarwa, don a samu minti biyar na tambayoyi kafin ƙararrawar tashi.