Handel Bai Rubuta "Messiah" Don Taron Ɗaruruwan Mawaƙa Ba

Mutane da yawa sun ɗauka cewa "Messiah", shahararriyar waƙar addinin Kirista da Handel, Bajamushen mai tsara kiɗa, ya rubuta, sai da ɗaruruwan mawaƙa take tashi. Shi ya sa idan suka ga ƙungiya ta fito da mutum ashirin da 'yan kai, sai su ce an rage wa waƙar armashi. Ba haka abin yake ba.

Da aka fara rera ta a birnin Dublin na ƙasar Ireland cikin watan Afrilun 1742, 'yan amshin kimanin talatin ne kawai, manya da yara maza daga manyan majami'u biyu na garin. Cincirindon daga baya ya zo: a 1784, shekara 25 da rasuwar Handel, aka tara mawaƙa da makaɗa sama da 500 a majami'ar Westminster Abbey da ke Landan, al'adar kuwa ta kama.

Ƙungiyoyi irin su Monteverdi Choir, wadda jagoran mawaƙa ɗan Ingila John Eliot Gardiner ya kafa a 1964, tsohon salon suke farfaɗowa. Makaɗan da ke raka su da tsirkiyar hanji suke goge, an kuma ɗan sassauto da sautin ƙasa da na yau. Daɗin abin yana inda murya ke ta mirgina da sauri a kan gaɓa guda: kowane sauti na fita tsaf, ba ya nutsewa cikin gungu.